Shirwa Ce Ko Shaho? Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsu a Tantance Sunansa

Gabatarwa

A zangon karatu na biyu na shekarar da ta wuce, malaminmu na darasin ilimin ma'ana ya ba mu aikin gida, ya ce kowa ya zaɓi wani rukuni na kalmomi, ya tattaro guda 30 tare da ma'anoninsu. Wasu suka ɗauki sunayen abinci, wasu na tufafi, ni kuwa na ɗauki tsuntsaye, domin a ganina babu wanda ya kai shi sauƙi. Na shiga laburare na buɗe ƙamus, kafin la'asar na cika shafi biyu. Ranar da aka dawo mana da takardu sai Malam ya kira ni ofishinsa, ya nuna mini taga. Akwai wani tsuntsu yana shawagi a saman filin ƙwallo. Ya ce, "Wancan fa, wane ne a cikin 30 ɗin nan naka?" Na ce, "Shaho ne, Malam." Ya ce, "Ka tabbata ba shirwa ba ce?" Na yi shiru, saboda a takardata da kalmar Ingilishi guda ɗaya na fassara su duka biyun.

Ni Bayarabe ne. A aji na fara koyon Hausa, na ƙara gogewa a bakin mutanen Sabo na Ibadan, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla hanya ɗaya muka biyo. Irinmu mukan san kalma mu iya rubuta ta daidai, har mu kawo jam'inta, alhali ba mu taɓa ganin abin da take nufi ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin hanyar da na bi bayan waccan kunya da na sha, wato ɗaukar hoton tsuntsaye a inda suke rayuwa, da gano nau'insu a kimiyyance, sannan da kai hoton wurin masu harshe domin su faɗi sunan da bakinsu. Zan yi amfani da kalmar "nau'i" a duk inda nake nufin rabe-raben masana halitta, in bar "jinsi" ga nahawu, don kada mu rikita juna.

Abin da ƙamus ba ya yi

Ba raina ƙamus nake yi ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 cike suke da sunayen tsuntsaye, kuma sau da yawa sukan haɗa da sunan kimiyya. Sai dai an daɗe da sauya da yawa daga cikin waɗancan sunaye na kimiyya, ta yadda ɗalibi zai nemi wasu a littafin tsuntsaye na yau ya rasa. A wasu wuraren kuma bayanin ƙamus bai wuce a ce wani irin ƙaramin tsuntsu ne ba. To, a ƙasar da aka ƙidaya nau'in tsuntsaye sama da 900, "wani irin ƙaramin tsuntsu" bai rage wa mai nema komai ba. Hoto shi ne shaidar da za a iya nuna wa masanin halitta ya faɗi nau'i, a nuna wa Bahaushe ya faɗi suna, sannan a ajiye domin wanda zai zo daga baya ya duba ko mun yi kuskure. Gani, in ji Hausawa, ya kori ji.

Kayan aiki da yadda ake ɗauka

Kada tsadar kaya ta kashe wa kowa gwiwa. Burinmu ba hoton kalanda ba ne, hoton shaida ne. Ni da tsohuwar kyamarar yayana na fara, mai gilashin da ke jawo abu kusa har milimita 300, kuma ta wadatar. Wanda ba shi da kyamara yana iya aron madubin hangen nesa, ya saita shi a kan tsuntsun, ya ɗora idon kyamarar wayarsa a kan bakin madubin, ya ɗauka. Gefen hoton zai yi baƙi, amma baki da wutsiya za su fito. Jawo hoto da yatsu a waya kaɗai ba ya ƙara komai, sai dai ya faffasa hoton. Bayan wannan, ana buƙatar ƙaramin littafin rubutu da biro, kuma ni a wurina sun fi kyamarar muhimmanci.

Lokaci mafi kyau shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9:00 na safe, sai kuma bayan la'asar. A lokacin ne tsuntsaye ke kiwo da kuka, kuma hasken bai yi tsanani ba. A tsaya rana tana bayan mutum. Duk wanda ya fuskanci rana, inuwar tsuntsu kawai zai kawo gida. Da hunturu, hazo yana dishe launi idan abin yana nesa, saboda haka a ƙara matsawa kusa maimakon a dogara da gilashi.

Matsawa kusa kuwa ita ce ainihin sana'ar. Kada a sa fararen kaya ko masu ƙyalli. Kada a nufi tsuntsu kai tsaye ana kallon idonsa, a bi ta gefe kamar mai wucewa, a yi taku uku a tsaya a ɗauka, a sake taku uku. A fara ɗauka tun daga nesa, domin sau da yawa hoton farko shi ne na ƙarshe. Abin da ya fi duka shi ne a sami gindin bishiya mai 'ya'ya, ko bakin ruwa, a zauna shiru. Na taɓa yin awa guda ina bin wata cilakowa daga bishiya zuwa bishiya ban sami komai ba, washegari na zauna a gindin ɓaure na minti 20 na ɗauki nau'i shida.

Game da saitin kyamara, abu uku suka ishe mu. Na farko, saurin ƙiftawarta: ga tsuntsun da ke zaune, kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ya isa, ga mai tashi kuwa a kai kashi 1 cikin 1,000 ko 2,000, in ba haka ba fukafukai za su caɓe. Na biyu, a saita a kan ido. Idan ido ya fito tas, ana yafe wa sauran jiki. Na uku, kyamara takan ruɗe da fari da baƙi. Idan ana ɗaukar balbela a gaban ciyawa mai duhu, a rage haske kaɗan, don kada gashinta ya zama farin fili babu zane. Idan kuma tsuntsu yana sama, sararin samaniya na bayansa, a ƙara haske.

Hoto ɗaya ba ya isa. A nemi na gefe, wanda ke nuna baki da ƙafa, da na gaba mai nuna ƙirji, da na baya mai nuna wutsiya, in ya tashi a ɗauki ƙarƙashin fiffike. Nan take kuma a rubuta rana da wuri da lokaci, da abin da yake yi, da girmansa idan an kwatanta shi da gwara ko kurciya ko hankaka. In yana kuka a naɗi kukan da waya.

Akwai ladubba da ba zan tsallake ba. Kada a taɓa sheƙa ko a sare reshen da ya rufe ta don hoto ya yi kyau, domin wannan buɗe wa maciji da hankaka ƙofa ne. Kada a haska wa mujiya filasha, kuma kada a nuna wa yaran unguwa inda take kwana, mun san abin da zai biyo baya. A nemi izinin mai gona, kada a ɗaga kyamara a kusa da barikin soja ko shingen jami'an tsaro, a riƙe katin shaidar ɗalibta, kuma kada a shiga daji mutum ɗaya.

Gano nau'i

Kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da launi. Launi yana sauyawa da haske da shekaru da yanayi, kuma a nau'o'i da yawa namiji da tamata ba su kama da juna. A fara da girma da ƙira, sannan baki, sannan wutsiya da ƙafa, sannan ɗabi'a da wuri da lokacin shekara. Launi ya zo a ƙarshe.

Bari mu koma tagar Malam. Tsuntsun da na gani babba ne, tsawonsa ya haura santimita 50, launinsa ƙasa-ƙasa, fukafukansa dogaye, kuma ƙarshen wutsiyarsa a tsage yake kamar bakin almakashi da aka ɗan buɗe, yana murɗa ta hagu da dama yayin shawagi. Wannan wutsiya ita ce hatimin shirwa, wadda masana suka sa a dangin Milvus. Da na sami hotonta a kusa sai na ga bakinta rawaya ne, alamar cewa 'yar Afirka ce baliga, domin wadda ke zuwa daga Turai baƙin baki gare ta, haka ma ƙananan da ba su balaga ba. Lokaci ma shaida ne. A nan Kudu da rani muke ganin shirwa da yawa, takan iso a ƙarshen damina, ta bi mayanka da juji da wutar daji, idan ruwa ya kankama ta koma Arewa. Shahon da ya fi yawa a harabar makarantarmu kuwa, wanda littattafai ke kira shikra, da kaɗan ya fi kurciya, bayansa toka-toka, ƙirjinsa da sirara-siraran layuka, kuma ba ya yini yana shawagi a fili, laɓewa yake yi cikin ganye ya fyaɗo. Wanda ya ga hotunan nan biyu a jere ba zai sake haɗa su a fassara ba.

Littafin da na fi dogara da shi shi ne na Nik Borrow da Ron Demey a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma, wanda ya fara fitowa a 2001, saboda yana da zane da taswirar inda kowane nau'i yake. A duba taswirar kafin a yi murna. Idan littafi ya nuna tsuntsu na bakin hamada ne, kai kuma ka ce ka gan shi a kurmi, to mai yiwuwa kai ne ka ɓata, ba shi ba. Akwai kuma manhajojin waya irin su Merlin da iNaturalist da ke karɓar hoto su ba da shawara. Na ce shawara, ban ce hukunci ba. Sun fi ƙwarewa a tsuntsayen Amurka da Turai, inda aka fi tara hotuna, kuma ko sun dace, babu wadda za ta gaya maka sunan da ake kiransa a Haɗeja.

Kai hoto wurin masu harshe

Nan ne aikin ɗalibin harshe ya rabu da na mai kallon tsuntsaye. Babban malamina a wannan fage wani dattijo ne mai sayar da goro a Sabo, mutumin wajen Haɗeja, wanda ya yi farauta da su a ƙuruciyarsa. Ranar farko na tafka kuskure. Na miƙa masa waya na ce, "Baba, wannan shi ne ragon maza ko?" Ya ce, "Shi ne, ɗana." Na nuna wani na ce, "Wannan kuma suda ce?" Ya ce, "Ita ce." Da na koma ɗaki na duba sai na ga hoto na biyun ba suda ba ce sam. Ba ƙarya Baba ya yi mini ba, kara ya yi mini, bai ga dalilin kunyata baƙo mai ƙoƙarin koyon harshensa ba. Tun daga ranar na daina sa wa kowa suna a baki. Tambayata ita ce, "Baba, me kuke ce wa wannan a wajenku?" In ya ce bai sani ba, wannan ma amsa ce, ina rubuta ta.

Abu na biyu da na koya a wurinsa shi ne hoto yana ɓoye abubuwan da mafarauci ke gane tsuntsu da su. A fuskar waya, gwara da gaggafa girmansu ɗaya. Sau da yawa yakan riƙe wayar ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya kai kurciya? A ƙasa ka gan shi ko a sama? Yaya kukansa?" Wata rana na nuna masa hoton da bai gane ba, da na kunna masa kukan, tun bai ƙare ba ya ce makwarwa ce, ya yi dariya ya ce ai shi bai taɓa zama ya ƙare mata kallo ba sai a tukunya. Wani mai sayar da shanu da ke zaune a wurin ya ce su fakara suke cewa. Na rubuta duka biyun, kowanne da garin mai faɗa.

Wannan ya kawo mu ga ƙa'ida ta uku: a tambayi aƙalla mutum uku, daga garuruwa daban-daban, kowa shi kaɗai, domin idan dattijo ya riga ya yi magana yaro ba zai musa ba. A naɗi furucin da izininsu, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Na ji balbela na ji belbela, na ji hasbiya na ji hazbiya, kuma ban ɗauki ko ɗaya a matsayin kuskure ba. A sa sunan a cikin jimla don a gane jinsinsa. Mu da muka haddace cewa suna mai ƙarewa da wasalin "a" tamata ne, tsuntsaye za su ba mu mamaki, domin hankaka "ya" tashi ake cewa, ungulu kuma "ta" sauka. Sannan jinsin kalma bai damu da jinsin halitta ba, shirwa tamata ce ko da namijin aka ɗauka a hoto.

Inda suna da nau'i suka saɓa

Da na tara hotuna sai na ga abin da ya kamata in gane tun a aji, wato kowane harshe da inda yake yanka namansa. Wani lokaci sunan Hausa ɗaya yakan faɗa a kan nau'i ɗaya cif. Hankaka, mai farin ƙirji da farar wuya, wanda mu Yarabawa muke kira kannakanna, babu wanda ya yi mini gardama a kansa. Haka shamuwa, da gauraka, da burtu, wanda maharba ke ɗaura siffar kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji.

Wani lokaci kuma suna ɗaya laima ne. Na nuna hotuna uku na nau'o'i uku: shikra, da wani mai baƙin layi a tsakiyar farin maƙogwaro, da wani ja-ja na dangin Falco da ke zama a kan dogayen gine-gine. Duk ukun an ce mini shaho ne, sai dai Baba ya ƙara da cewa na biyun irin mai cin ƙadangaru ne, kuma abin sha'awa, sunansa na Ingilishi ma daga ƙadangare aka samo shi. Tsattsewa ta fi wannan faɗi. An ba ni wannan suna ga baƙar nan mai farin ƙugu da ke gina sheƙa a ƙarƙashin gada, aka kuma ba ni shi ga mai dogayen reshen wutsiya da ke jeruwa a kan wayar lantarki, wadda wasunta daga Turai suke zuwa su yi rani a nan, har sukan taru da ɗimbin yawa su kwana a ciyayin Boje ta Jihar Kuros Riba. A wurin masana, waɗannan biyu ba dangin juna ba ne ko kusa. Ta farkon ba ta ma iya zama a kan waya, ƙafafunta na maƙalewa a bango ne kawai. To, shin Bahaushe ya yi kuskure ke nan? A tawa fahimtar, a'a. Shi ya duba sana'a, duka biyun suna yini a sama suna cafke ƙwari, masana kuma suka duba asali. Kuskuren namu ne idan muka rubuta sunan kimiyya ɗaya a gaban tsattsewa muka rufe littafi.

A wajen kurciyoyi kuwa Hausa ta yi rabo mai kyau. Kurciya ita ce ƙaramar nan mai ɗige-ɗige a ƙirji da ke kiwo a tsakar gida. Hasbiya babba ce, da jar fata kewaye da ido da fararen ɗigo a fiffike, mai son giginya da rufin gini. Bardo ƙarami ne mai doguwar wutsiya, namijin da baƙar fuska, kuma shi sai a Arewa. Tattabara ta gida ce. Mai fassarar da ya mayar da waɗannan huɗu kalma ɗaya ya zubar da ilimin da aka daɗe ana tarawa.

Su kansu sunayen abin nazari ne. Akwai harɗaɗɗu masu siffantawa, kamar jan baki, wanda ke cinye gero da dawa da shinkafa, da babba da jaka, da kazar dutse. Akwai na aro, kamar alhudahuda da ɗawisu daga Larabci, da kanari daga Ingilishi, da talotalo wanda duk Bayarabe zai ji shi kamar a gida. Wanda ya fi burge ni shi ne ragon maza, elulu a harshenmu, mai baƙin kai da jajayen fukafukai da jan ido, wanda kukansa ke kama da ruwa yana fita daga kwalba. Duk wanda ya ga yadda yake tashi da ƙyar ya faɗa cikin ciyawa mafi kusa zai gane inda sunan ya fito. Amma a ganina an ɗan zalunce shi, domin a danginsa akwai masu zuba ƙwai a sheƙar wasu su tafi abinsu, shi kuwa da kansa yake gina sheƙa ya ciyar da 'ya'yansa.

Wannan dangi ya tuna mini da kirarin da ake yi wa hankaka, wai mai da ɗan wani naka. Na daɗe ina ɗaukar sa almara, sai na karanta cewa akwai wani tsuntsu, Clamator glandarius, da ke saka ƙwansa a sheƙar hankaka, hankakan ya ƙyanƙyashe ya rena. Hasashena shi ne wani mai lura ya taɓa ganin hankaka yana ciyar da ɗan da bai yi kama da shi ba, kirarin ya samo asali daga nan. Idan haka ne, ba satar 'ya'ya yake yi ba, shi aka yi wa wayo. Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "To, ɗana, ka kawo hoton." Har yau ina nema.

Tsuntsun da ba shi da suna, da sunan da ba shi da tsuntsu

Akwai wani tsuntsu da duk duniya ba a samun sa sai a kudu maso yammacin Nijeriya, Malimbus ibadanensis, wanda J. H. Elgood, malamin ilimin dabbobi a Ibadan, ya bayyana wa masana a 1958. Dangin masu saƙa sheƙa ne, baƙi da ja, kuma yana cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu saboda saran kurmi. Wata Asabar na bi masu kallon tsuntsaye zuwa kurmin da ke cikin harabar cibiyar binciken aikin gona ta IITA, na ɗauki wani baƙin tsuntsu mai jan kai yana bin reshe. Ban tsaya duba littafi ba na aika wa 'yan ajinmu cewa na kama shi. Da aka zauna duba hotuna, wata ɗaliba da ta yi karatu a cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos ta ce in faɗaɗa ƙirjin. Baƙi ne wuluk. Ta nuna mini cewa na Ibadan jan yana saukowa har ƙirji, nawa kuwa ɗan'uwansa ne, Malimbus rubricollis, wanda ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Na ji kunya, amma da baki kawai na ba da labari, da har yanzu ana yaɗa ƙaryata.

Na kai hoton Sabo duk da haka. Mutum huɗu na tambaya, babu wanda ya ba shi suna, kuma bai kamata a yi mamaki ba, tsuntsun kurmi ne, Hausa kuwa a ƙasar sarari ta girma. Ɗaya ya ce in rubuta ɗan'uwan kabare. Na rubuta hakan a matsayin bayani, ban rubuta shi a matsayin suna ba. Ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai a nan, domin jarabar cike gurbi tana da ƙarfi. Idan za mu ƙirƙiri suna, mu faɗa a fili cewa ƙirƙira ce, kada wani ya zo bayan shekara 20 ya ɗauka daga bakin kakanni aka ji shi.

Akasin wannan ya fi tayar mini da hankali. Ungulu tana cikin kalmomin farko da na koya, tana cikin karin magana da tatsuniya, kowa ya san ba ta jewar banza. Na yi wata 14 ina yawo da kyamara, na je mayanka uku, ban ga ko ɗaya ba. Mahauta sun ce mini da can sai an kore su da sanda. A 2015 hukumar IUCN ta sa wannan ungulu ta cikin gari, Necrosyrtes monachus, a sahun nau'o'in da ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan akwai guba da farautarta domin sayar da sassan jikinta ga masu magani. Saboda haka wanda ya dace da ganin inda take kwana ko sheƙarta, ya ɗauki hoto daga nesa, ya sanar da masana, amma kada ya baza sunan wurin a Facebook. Haka ma aku, wanda aka hana cinikin na dajinsa tsakanin ƙasashe tun daga 2017. Na nuna wa wasu yaran Sabo, haifaffun Ibadan, zanen ungulu a littafi. Sun san kalmar sarai, har sukan zagi juna da ita, amma biyu daga cikinsu suka ce mikiya ce, ɗaya ya ce talotalo.

Daga cikin sunaye 30 da na miƙa wa Malam, yanzu 19 suna da hoto, da sunan kimiyya, da muryar mutum uku-uku. Na ajiye kwafin kundin a ofishin ƙungiyarmu, kowane suna da shafinsa, an bar fili a ƙasa domin gyara. Sauran 11 yawancinsu na Arewa ne, kamar bardo da carki da tuje da kirinjijiya da dinya. 'Yan aji uku da za su tafi zaman koyon harshe, musamman wanda hanya za ta kai shi dausayin Haɗeja da Nguru da rani, ya biyo ta wurina ya karɓi jerin da kyamarar, batirinta biyu ne amma ɗaya ba ya riƙe caji. Shafin ungulu shi ne na 7.